Ruwan Tanko Ba Na Tanko Ba Ne

Da bazarar bana yayana Tanko ya cika shekara arba'in da huɗu a ƙasa. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa da shekarun 'yarsa Dije, bai canza ba. Waɗanda suka ɗauki makararsa duk sun bi shi, saura ni, ni ɗin ma haƙora huɗu suka rage mini. Amma sunansa bai mutu ba, kuma yadda sunan yake yawo a bakin mutane shi ya sa na ɗauki alƙalami.

In kun taɓa zuwa ƙauyukanmu na gabas da Haɗejiya, wajen Kirikasamma, wataƙila kun ji ana cewa "ruwan Tanko". In mutum ya ta da hankalin jama'a a kan abin da ba zai auku ba, sai a ce, "Rabu da shi, ruwan Tanko ne." Ran kasuwar da ta wuce na ji wata mai fura tana faɗa wa maƙwabciyarta haka, don ta ce hadari ya haɗo a kwashe kaya. Ko uwar yarinyar nan ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. Ba ta san wane ne Tanko ba. Ni na san shi, uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma na san ruwan nan ba nasa ba ne. Nawa ne, ni Ilu. Da ajami na rubuta wannan, malamin elementare da ke auren jikata shi ya juya shi zuwa boko, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini kalma ko ɗaya don ya rufa mini asiri.

Duk wannan kafin zuwan Turawa ne. Tanko ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shan inna ya kama masa ƙafar hagu tun yana rarrafe, ta shanye kamar kara, saboda haka bai taɓa riƙe garma a gayya ba. Aikinsa na zaune ne: gyaran komar masunta, saƙar tabarmar kaba, da tsaron tsuntsu a kan rumfa idan shinkafa ta yi ciki. Mu masu ƙafa biyu muna ratsa fadama sau goma a yini ba mu ga komai ba sai laka. Shi da aka ajiye wuri ɗaya daga hantsi zuwa la'asar, shekara da shekaru, ya ga abin da ke tsakanin ciyawa. Abin da ya fi ɗaukar masa hankali gizo-gizo ne. Yakan ce sana'arsu ɗaya da shi, sai dai sun fi shi hannu, kuma ba wanda ke tsaye a kansu yana cewa gobe zai shiga ruwa.

A wurinmu duk abin da ke rarrafe ƙwaro ne, a take a wuce. Tanko ba ya yarda da wannan. "Ƙirga ƙafafun," abin da yake cewa ke nan kullum, har na gaji da ji. Ƙuda, fara, tururuwa, zuma, sauro, duk shida-shida ne, jikinsu gaɓa uku, da 'yan gashi biyu a goshi da suke laluben hanya da su, yawancinsu kuma da fiffike. Gizo-gizo ƙafa takwas gare shi, jikinsa gaɓa biyu kacal, kai da ƙirji a haɗe, sai ciki. Ba fiffike, ba gashin goshi. Ya ce wannan gida daban ne, kada a haɗa su. Na ce to su wa ye danginsa? Ya ce kunama. Na yi dariya har da riƙe ciki, da gemuna a lokacin, ba yaro ba. Bai ce mini komai ba sai da aka kashe kunama a rumbu, ya sa na juya ta da tsinke. In ka ware hannuwan nan biyu da take cafke abu da su, takwas ne cif. Har kaska ya saka a gidan, bayan wani Bafillace da ke kawo shanu mashaya da rani ya ciro masa ƙosasshiya daga kunnen saniya, suka duƙufa a kanta su biyu suna ƙirgawa, shanun suna can suna shiga gonar mutane.

Daga bakinsa na fara jin cewa zaren ba daga baki yake fitowa ba, daga ƙarshen ciki ne. Shi ya nuna mini gizo-gizo ba ya tauna, sai dai ya sari ƙuda ya zuba masa dafi, ya jira cikinsa ya narke, ya tsotse ya yar da fanko. Busasshen da muke gani rataye a lungu muna cewa ya mutu, ashe riga ce ya tuɓe, kamar yadda maciji ke saɓa, mai rigar yana nan kusa ya ƙara girma. Macen ta fi namijin girma, wani lokaci nesa ba kusa ba. A yanar nan mai zagaye, zaren da ya tashi daga tsakiya zuwa baki ba ya danƙo, wanda ya kewaya shi ne mai kamawa. Idanunsu ne kawai suka gagare shi. Ya ce yana ganin shida, amma ransa yana ba shi akwai wasu biyu da idonsa bai kai ba.

Ya kuma raba su gida-gida, ya raɗa wa kowane suna da kansa. Akwai masaƙa, masu shimfiɗa yana tsakanin karan dawa. Akwai 'yan ɗaka masu siraran ƙafafu, waɗanda mata ke fama da su da tsintsiya. Akwai tautau na jikin bango, wanda ake ɗora wa laifin ƙurajen fuska, Tanko kuwa ya ce shi dai bai taɓa kama shi yana yi ba. Akwai masu tsalle, ƙanana masu manyan idanu a gaba, da ke farautar ƙuda da rana tsaka. Ba zan jero su duka ba, biyu ne suka shafi maganata, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe su da kyau, tun da ni ban riƙe ba.

Ta farko ya kira ta 'yar rami. Launin ƙasa gare ta, ba ta saƙa yana, rami take haƙawa daidai faɗin yatsa a gefen fadama, ta fito ta yi farauta da gudu. Idan ta yi ƙwai sai ta dunƙule su cikin farin ƙunshi kamar ƙwayar gujiya, ta maƙala shi a gindinta tana ja duk inda za ta, in sun ƙyanƙyashe ta goya su a baya. Ta biyu 'yar bukka. Ta fi dogayen ƙafafu, a ciyawar bakin ruwa take, har gudu take yi a kan ruwa ba ta nutse ba. Ita ma tana da farin ƙunshi, amma a baki take riƙe shi, ƙarƙashin ƙirji. In 'ya'yan sun kusa fitowa sai ta hau can saman ciyawa, ta ɗaure ganye ta yi musu 'yar bukka. Hawan ciyawa al'adarta ce, kowace damina sai ta yi, ko da ruwa ko babu.

Amfanin wannan a wurinmu ba ƙarami ba ne. Ruwanmu ba na sama ba ne kaɗai, daga yamma kogi yake kawo shi, wajen ƙarshen damina. Kowace shekara yana da iyakar da ya saba tsayawa, shinkafa tana son haka. Amma wata shekarar sai ya wuce iyaka ya hau gonakin geron da ke bakin fadama, a yini biyu ya kwantar da abin da mutum ya yi wata uku yana nomawa. Tanko ya lura ruwan yana riga zuwa ta ƙarƙashin ƙasa kafin ido ya gan shi. Ramukan sukan jiƙe daga ƙasa, sai ka ga 'yan rami sun fito da ƙunshinsu a gindi suna hawan ciyawa, abin da ba sa yi sai dole. In 'yan ramin da ke can sama kusa da gero suka fara hawa, to a yi maza a yanke. Sau biyu ya faɗa, sau biyu aka yanke, sau biyu ruwan ya zo ya tarar da kara kawai. Daga nan Bulama, mai garinmu, da kansa yake tahowa zaurenmu in damina ta tsufa, ya zauna a tabarma ɗaya da gurgu ya ce, "Tanko, me mutanenka suka ce?" Wallahi ban taɓa ganin yayana ya yi farin ciki kamar a waɗannan shekarun ba.

A shekarar da nake magana, babanmu ya rasu, gandu ya dawo kaina, ina da shekara ashirin da shida da mace ɗaya da kai mai hayaƙi. Gero ya fitar da kai, ido ya fara cika, saura kamar kwana goma sha biyar ya nuna. Sai zazzaɓi ya kwantar da Tanko. Kogi kuwa ya fara motsi, mutane suna ta zuwa ƙofar gida suna tambaya. Da safe ya kira ni, jikinsa yana rawa, ya miƙo mini ɗan gora. Ya ce in je gefen gonakin gero, wajen wata kanya da ya saba zama, in duba ciyawa, in na ga masu hawa da ƙunshi in kamo masa ɗaya ya gani da idonsa. Ya maimaita, "Ka kamo. Kada ka ce wa kowa komai sai na gani."

Na je. Na kuwa gan su, a saman ciyawa, nan da can, kowace da farin ƙunshinta. Na kai hannu zan kama ɗaya ta zille, na sake ta zille, sai na ce haba, ni da na ji wannan karatu shekara nawa, me ya rage? Ga gizo-gizo, ga ƙwai, ga shi a sama. Na juyo da gora ba komai a ciki. Hanyar gida kuwa ta ƙofar Bulama ta bi, ga dattawa zaune a inuwa. Bulama ya hango goran a hannuna ya ce, "Ilu, me yayanka ya ce?" Duk suka juyo suna kallona. Tun da aka haife ni dattawa ba su taɓa yin shiru don su ji abin da zan faɗa ba. Daɗin wannan shirun ne ya kashe ni. Na gyara murya na ce, "Ya ce ruwa na tafe, a yanke."

Kafin azahar gari ya ɗauka. Maza da mata aka fita da wuƙaƙe, ni ma na shiga tamu gonar. Da na leƙa Tanko zazzaɓin ya rufe shi, ba ya gane mai shiga da mai fita, na ce alhamdu lillahi, in ya farfaɗo ya tarar na yi aikin. Yini biyu ana yanka ɗanyen gero, in ka matsa ido sai farin ruwa ya fito.

Rana ta uku da hantsi zazzaɓin ya sake shi. Ya ji hayaniyar masu shigo da dammuna, ya aika aka kira ni. Na shiga ina taƙama na ba shi labari. Ya ce, "Ina wadda ka kamo?" Na ce ta gudu, amma na gan su da yawa. Sannan ya ce, "Ƙunshin, a ina suke riƙe da shi? A baki ko a gindi?"

Na rufe ido na hango su. Na ce, "A baki."

"Wayyo Ilu," ya ce. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, daga ranar har ya koma ga Allah.

Ya ce a ɗaura wa jaki akumari. Na ce ni zan je, ni na faɗa, ni zan janye. Ya riƙe mini hannu, da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya ce, "In suka san kai ne, wa zai zo maka gayya baɗi? Wa zai ba ka fadama in an zo rabo? Gidan nan ƙafafunka yake ci, ba nawa ba. Ni an saba yi mini dariya tun ina rarrafe. Ɗora ni." Na ɗora shi. Ni na ja jakin har ƙofar Bulama, kaina a ƙasa. A gaban jama'a ya ce a dakata da yanka, ruwa ba zai hau ba, ya yi kuskure, zazzaɓi ne ya ruɗa shi. Wani dattijo da ya riga ya yanke tasa gonar kaf ya miƙe ya zage shi ta uwa ta uba, uwar da ta haife mu tare. Ina tsaye riƙe da igiyar jaki, ban ce uffan ba.

Waɗanda ba su gama ba suka tsira da saura. Ruwan kuwa ya zo ya tsaya inda ya saba, ko gindin kanyar bai taɓa ba. Geron da aka yanke ya bushe ya motse, aka sussuka aka sheƙe, rabinsa ya bi iska. Ba wanda ya mutu da yunwa, Allah ya sa shinkafa ta yi kyau, amma gidaje da yawa sun ci bazara da ƙyar, da kifi busasshe da 'ya'yan bado. Wasu sun sayar da awaki. Wani ya ɗaga auren ɗansa. Duk wanda ya buɗe rumbu ya ga gindinsa tun kafin shuka, Tanko yake tunawa. A nan maganar ta samo asali.

Bulama bai sake zuwa zaurenmu ba. Masunta suna kawo koma, don ba mai hannunsa, amma a tsaye suke miƙawa su tafi. Dije, 'yarsa guda ɗaya, aka sa mata 'yar mai ruwa, sunan ya bi ta rijiya, ya bi ta gidan miji. Ni kuwa gayyata ta cika baɗi, aka ba ni fadama mai kyau, har ana yaba mini haƙurin zama da irin wannan ɗan'uwa. Ina amsawa da "sai haƙuri". Tir da ni.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo bayan shekara huɗu. Tanko ya dawo daga gindin kanya a kan jakinsa ya ce 'yan rami sun hau, na gaske, ƙunshi a gindi, har da masu goyo. Ya sa na kai shi ƙofar Bulama. Aka yi masa dariya, aka ce ruwan Tanko ya dawo. A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ku saurare shi, bai taɓa kuskure ba, wancan karon ni ne. Na ji maganar ta taso har maƙogwaro. Na dubi fuskokinsu na haɗiye. Gidanmu kaɗai ya yanke, da wasu biyu da suka yi a ɓoye. Bayan kwana biyar ruwa ya hau, ya shafe gonakin bakin fadama, ya rushe rumbuna a unguwar gangare. Kada ku zaci an zo ba shi haƙuri. Cewa aka yi dace ne, wasu ma suka ce bakinsa ne. Da bazarar da ta biyo ya kwanta ciwon ajali. Ni na yi masa wanka. Ƙafar nan tasa ba ta fi damtsena kauri ba.

Yau in ya dawo, ban san me zai fara kallo ba. Jirgin ƙasa yana wucewa ta Birniwa yana kuka, gyaɗa ta ci gonakin da muka sani na gero, samari sun fi son yadin kanti da saƙi. Ina jin duk wannan zai kalla sau ɗaya ya kawar da kai. Abin da zai zaunar da shi littafin da mijin jikata ya kawo gida ne bara, wanda yake koya wa 'yan makaranta da shi. Ya buɗe mini wani shafi, sai ga gizo-gizo an zana shi ƙato, ga ƙuda a gefe. Ya fara yi mini bayani da muryar nan tasu ta malamai, wai masana sun raba su, masu ƙafa shida daban, masu takwas daban. Na ce tsaya, ɗana. Jiki gaɓa biyu? Ya ce e. Ba fiffike, ba gashin goshi? Ya ce e. Na ce kunama da kaska suna gidan? Ya rufe littafin ya dube ni, ya ce, "Kaka, wa ya karanta maka?" Na ce wani gurgu ne da bai taɓa ganin takardar boko ba.

Yana da wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu. Na sa ya kamo mini 'yar rami a bayan gida, muka rufe ta a tasa, na kanga gilashin da wannan ido nawa da ya dushe. Manya huɗu, biyu a gaba biyu a sama, sai ƙanana huɗu a jere a ƙasa. Takwas. Ransa bai yi masa ƙarya ba. Na ajiye gilashin na yi kuka a gaban surukina, ban ji kunya ba. Da Tanko ya sami gilashin nan yini ɗaya, da ko tuwo ba zai nema ba.

Tun ranar na kasa zama. Na ce wa kaina, Ilu, ka ci shinkafar fadamar da ya saya maka da sunansa shekara arba'in da takwas, ka aurar da 'ya'ya da jikoki a kanta, an kira ka dattijon kirki, ana kawo maka sulhu. Duk wannan rigar aro ce, mai ita yana kabari ana yi masa dariya. Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe a ƙofar masallacinmu na faɗi abin da na faɗa muku. Aka saurara, don tsufa. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa. Samari suna ɗaukar takalma ina jin ɗaya yana tambayar ɗan'uwansa wai dama Tanko mutum ne? Ban ga laifinsu ba. Waɗanda ya kamata su ji duk suna maƙabarta ɗaya da shi.

Saura mutum ɗaya, ita ce na fi tsoro. Dije tana wani ƙauye a hayin kogi, ta tsufa ita ma, gashinta fari fat. Na shiga kwalekwale na haye. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ce, "Dije, na zo da magana mai nauyi, ki bari in kai ƙarshe." Na faɗa mata tun daga gora har igiyar jaki. Ba ta ɗaga kai daga faifan ba sai da na gama.

Ta ce, "Baffa, ai na sani."

Na ce tun yaushe?

Ta ce, "Tun kwana uku kafin ya rasu. Na yi masa kukan sunan da ake kirana da shi, sai ya gaya mini, don kada in tafi ina jin kunyar ubana. Amma ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, kai ma ba zan nuna maka a fuska ba. Ya ce, ƙanena zai faɗa da bakinsa, ba mugu ba ne, tsoro ne da shi, ki ba shi lokaci." Ta ɗan yi murmushi. "Ban dai zaci lokacin zai kai haka ba, Baffa."

Shekara arba'in da huɗu yarinyar nan tana durƙusa mini, tana aiko mini da man shanu da salla, ta sa wa ɗanta na fari sunana. Ko sau ɗaya ban ga wani abu a idonta ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ita ba ta riƙe ba, don wanda aka yi wa bai riƙe ba, in dai sha ruwana.

Na daɗe ina auna abin da ya rage na Tanko a duniya. Tabarminsa sun ruɓe, komar da ya gyara ta ƙarshe ta daɗe da zama igiyar ɗaure akuya, kanyar ma an sare ta. Saninsa na gizo-gizo ga shi an same shi a littafi, ba da sunansa ba, kuma na san ba zai damu ba, murna zai yi da ya sami abokan ƙirga. Abin da ba a littafin shi ne bambancin 'yar rami da 'yar bukka a gefen gonakinmu. Wannan na koya wa duk manomin da ya yarda ya duƙa, kuma ba na barin mutum ya tashi sai ya gaya mini inda ƙunshin yake. Sauran abin da ya bari ni ne, da gidan nan mai mutum fiye da talatin, waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba saboda wani ya hau jaki da zazzaɓi ya je ya karɓi zagin da ba nasa ba. Na gode, Yaya. Ban faɗa maka kana da rai ba, kunya ta hana ni, ga shi ina faɗa a gaban duk wanda ya iya karatu. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya tashe ka da ƙafafu biyu lafiyayyu.

Ku kuma mutanen ƙasarmu, na san ba a cire magana daga bakin jama'a da takarda ɗaya. Ban ce ku daina ba, maganar tana da amfani, masu ta da hankalin banza ba za su ƙare ba. Suna kawai za ku canza. Ku ce ruwan Ilu. Ina nan da raina, ƙofata a buɗe take, in kun faɗa zan amsa.